Yadda Ƙungiyar Unguwa a Zariya Za Ta Nemi Kuɗin Aiki Ta Hanyar Rangwamen Haraji

A shekarun da nake riƙe da takardun ƙungiyar ci gaban unguwarmu, mun taɓa rubuta wasiƙa zuwa wani kamfani muna roƙon ya haƙa mana rijiyar burtsatse, domin kuɗin da magidanta suke ba 'yan ga-ruwa kullum ya fara fin ƙarfinsu. Mun cika wasiƙar da gaisuwa da addu'a, mai unguwa ya sa hannu, muka ɗauka da kanmu muka kai. Akantan kamfanin ya karɓe mu cikin mutunci, ya karanta har ƙarshe, sannan ya nemi abu uku: takardar rajistar ƙungiya, da lambar haraji, da rahoton binciken kuɗinmu na bara. Ba mu da ko ɗaya. Sai ya ce da shugabanmu, "Alhaji, ba ƙin ku muka yi ba, amma kuɗin da ba zan iya nuna wa hukumar haraji inda ya shiga ba, ba ni da ikon fitar da shi."

Tun daga ranar na gane cewa babban kamfani yana duba lissafinsa ne kafin ya duba tausayinsa, kuma wani ɓangare na wannan lissafi shi ne abin da gudummawar za ta rage masa daga haraji. Unguwannin da suka fi bukatar ruwa da magudana da ɗakin haihuwa su ne galibi ba su san wannan ƙofa ba, shi ya sa nake ganin wajibi ne a bayyana ta dalla-dalla.

Abu na farko shi ne kwamitinku ya fahimci bambancin ragi iri biyu, domin mutane da yawa suna haɗa su wuri guda, kuma wanda ya haɗa su a gaban akanta ya nuna cewa bai shirya ba. Akwai ragi daga riba, akwai kuma ragi daga harajin kansa. Babban kamfani a Nijeriya yana biyan kashi 30 cikin 100 na ribarsa a matsayin harajin kamfanoni. A ɗauka misali kamfanin ya ci ribar naira miliyan 100, harajinsa ke nan naira miliyan 30. Idan ya ba da gudummawar miliyan 10 kuma hukuma ta yarda a cire ta daga riba, za a lissafa masa haraji a kan miliyan 90, wato ya biya miliyan 27. Ya sami sauƙin miliyan 3 ke nan, sauran miliyan 7 kuwa daga aljihunsa suka fita. Idan kuwa ragin daga harajin ne kai tsaye, za a cire miliyan 10 ɗin daga miliyan 30, ya biya miliyan 20, bai yi asarar ko kwabo ba. Wannan na biyu shi ne ainihin abin da ake nufi da rangwamen haraji, kuma saboda ƙarfinsa ne gwamnatoci ba sa ba da shi sai da sharuɗɗa masu tsauri, tunda a haƙiƙa kuɗin baitulmali ne aka bar wa kamfani ya kashe a madadin jama'a.

A Amurka ne aka fi tsara wannan hanya domin yankunan talakawa. A shekarar 1986 sun kafa rangwamen haraji ga masu gina gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi, a shekarar 2000 kuma suka kafa wani domin jawo jari zuwa unguwannin da masu kuɗi suke gudu. A ƙarƙashin na biyun, mai zuba jari yana samun rangwamen kashi 39 cikin 100 na abin da ya zuba, a rarrabe cikin shekara bakwai: kashi 5 a kowace shekara ta ukun farko, da kashi 6 a kowace shekara ta huɗun ƙarshe. Ba a yarda yanki ya shiga ba sai alƙaluman ƙidaya sun nuna cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na mazaunansa suna cikin talauci, ko kuma abin da matsakaicin iyali yake samu bai wuce kashi 80 cikin 100 na abin da ake samu a kewayen ba. Kuɗin ba ya zuwa hannun mai aiki kai tsaye, sai ya bi ta wata cibiya da ma'aikatar kuɗin ƙasar ta tantance, wadda dole a sami wakilan mazauna yankin cikin masu gudanar da ita ko masu ba ta shawara. Idan aka saɓa ƙa'ida cikin shekaru bakwai ɗin, gwamnati tana karɓe rangwamen da ta bayar. Da wannan suka gina asibitoci da makarantu da ƙananan masana'antu, amma ko a can rangwamen giɓi yake cikewa, sauran kuɗin aikin daga bashi da gudummawa ake haɗo shi.

Ba mu da irin wannan doka sak a Nijeriya, kuma duk wanda ya ce muku akwai ta, ku nemi ya nuna muku sashen. Abin da ya fi kusa da ita shi ne umarnin shugaban ƙasa mai lamba 007, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, inda aka ba kamfanoni damar gina hanyoyin da gwamnati ta amince da su, a biya su da takardar rangwamen haraji. A ƙarƙashinsa aka sanya aikin kamfanin Dangote na hanyar Obajana zuwa Kabba, da aikin kamfanin iskar gas na NLNG na Bodo zuwa Bonny, kamfanin mai na NNPC kuma ya ɗauki hanyoyi 21 a 2021 a kan kuɗi kimanin naira biliyan 621. Wani abin lura a cikin umarnin shi ne an taƙaita wa kamfani amfani da takardar a kan rabin harajinsa na shekara, amma aka ɗage wannan iyaka idan hanyar tana yankin da aka ayyana a matsayin wanda aka bari a baya ta fuskar tattalin arziki. Sai dai wannan tsari na manyan hanyoyi ne da manyan kamfanoni, ba na kwalbatin lungu a Tudun Jukun ko magudanar ruwa a Gyallesu ba. Bayan haka kuma, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, suka fara aiki a farkon Janairun 2026, hukumar haraji ta tarayya, wato FIRS, ta koma NRS, aka kuma shigo da wani rangwame na kashi 5 cikin 100 a shekara har tsawon shekara biyar ga masu zuba jari a wasu fannonin da aka fifita. Saboda haka kada ku dogara da abin da wani ya sani shekara biyar da suka wuce, ku sa ƙwararre ya karanta muku dokar da take aiki a yau.

Ƙofar da ta fi dacewa da ƙungiyar unguwa ita ce ta farko, wato gudummawar da ake cirewa daga riba. Iyakar da aka daɗe ana aiki da ita ita ce kashi 10 cikin 100 na ribar kamfani a shekara, kuma ba kowa aka ba kuɗi ne hukuma take yarda da shi ba, sai cibiyoyi da asusun da doka ta amince da su, irin su makarantu da asibitocin gwamnati da ƙungiyoyin jin ƙai masu yi wa jama'a hidima waɗanda suka cika sharaɗi. Duk shirin da za ku yi, manufarsa ita ce kuɗin ya faɗa hannun da doka ta sani.

To, daga ina za a fara? Ku zaɓi aiki ɗaya. Na sha ganin kwamiti ya jera ruwa da asibiti da makaranta da taransifoma a takarda guda, yana ganin yawan bukata zai jawo tausayi, alhali abin da mai karatu yake gani shi ne mutanen da ba su tsai da shawara ba. Ku kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, a gayyato limamai da matasa, a tabbatar an ji ta bakin mata ko da ta hannun malaman Islamiyyarsu ne, domin su suka san awa nawa yara suke ɓatawa a layin ruwa da kuma nisan da mai naƙuda take yi kafin ta kai asibiti. A rubuta abin da aka yanke, waɗanda suka halarta su sa hannu.

Daga nan sai ku tabbatar da talaucin unguwar da alƙaluma, kamar yadda Amurkawa suke yi da ƙidayarsu. Ba a bukatar wani babban bincike. Ku ƙirga gidaje da magidanta, ku rubuta kuɗin jarka a rani da damina, ku nemi adadin ɗalibai da na azuzuwa daga hedimastan firamare, ku nemi jami'in asibitin mazaɓa ya ba ku adadin masu zuwa awo da masu cutar gudawa a watannin damina. Mu a Zariya muna da wata dama da garuruwa da yawa ba su da ita, domin a Samaru da Kongo akwai malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello masu karatun lissafin kuɗi da shari'a da tsara birane da injiniyancin ruwa, kuma da wuya a sami unguwar da ba ta da ɗa ko suruki a cikinsu. Kada ku ƙara ko gida ɗaya a kan abin da kuka ƙirga, domin kamfanin zai aiko wanda zai duba, kuma ƙarya ɗaya tana zubar da sauran gaskiyar.

Rajista ita ce matakin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ne yawancin ƙungiyoyi suke gajiya. Rajistar ƙaramar hukuma tana da amfaninta, amma ba ta isa ba. Abin da ake bukata shi ne rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda take neman kundin tsarin ƙungiya, da amintattu biyu ko fiye, da sanarwa a jaridu, da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan ta sai lambar haraji, sai takardar sashen SCUML na hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, wadda bankuna suke nema kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Wajen zaɓen amintattu ina ba da shawarar a guji wanda yake neman kujerar siyasa, komai kirkinsa, saboda kamfanoni suna tsoron a ce sun ɗauki ɓangare, kuma aikin unguwa yana mutuwa ranar da aka fara kiransa aikin wane. Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, kuma kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Ko da abin da kuke tarawa a shekara bai taka kara ya karya ba, ku ba ƙwararren akanta ya bincika ya sa hatimi, ku kuma riƙa miƙa rahoton shekara ga CAC, domin rahoton shekara biyu ko uku a jere ya fi kowace wasiƙar yabo nauyi.

Rajista da CAC kaɗai ba ta nufin gudummawar da aka ba ku za ta sami ragi. Wannan wata amincewa ce daban daga hukumar haraji ta tarayya, kuma ku nemi matsayinku a rubuce kafin ku yi wa kowane kamfani alkawari. Idan ƙungiyarku ba ta kai ga samun amincewar ba, akwai hanyar da ta fi sauri, wato a bi da kuɗin ta cibiyar da doka ta riga ta sani. Idan azuzuwa ne, gudummawar ta shiga da sunan makarantar gwamnatin da za a gina wa, da amincewar hukumar ilimin firamare ta jiha. Idan ɗakin haihuwa ne, ta shiga da sunan asibitin. Ku kuma a rubuta ku cikin yarjejeniya a matsayin masu sa ido, da ikon ganin takardun biyan kuɗi. Wasu za su ji kamar an ƙwace musu aikin, amma ni ina ganin aji shida da aka gina da sunan makaranta sun fi aji shida da suka tsaya a takarda da sunan ƙungiya.

Kada a manta da maganar fili. Sau da yawa wani bawan Allah yana cewa ya ba da fili saboda Allah, a yi ta sa masa albarka, ba a rubuta komai ba, bayan rasuwarsa magada su taso. A rubuta kyautar ko waƙafin a gaban shaidu da mai unguwa da hakimi, a kai hukumar filaye ta jiha, wato KADGIS, a yi takarda, a nemi izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA. Babu kamfanin da zai sa kuɗinsa a filin da gobe za a iya rushewa ko a kai kotu.

Sai takardar neman kuɗin kanta. Ta kasance gajera, shafi huɗu ko biyar, ta faɗi matsalar da alƙalumanta, da aikin da za a yi, da ƙiyasin kayan aiki wanda injiniya ko masanin ƙididdigar gini ya sa wa hannu, da lokacin da za a gama, da wanda zai riƙe aikin bayan an gama. A ciki ku nuna abin da ku da kanku kuka tara, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, ko yashi da bulo da aikin gayya da aka ƙiyasta kuɗinsu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. A shafin ƙarshe ku sa lissafin haraji irin wanda na nuna a sama, a taƙaice, tare da kwafin amincewar hukuma, don akanta ya ga ainihin abin da gudummawar za ta ci wa kamfaninsa.

Wane kamfani za a tunkara? A nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi. Attajirin unguwa da yake kasuwanci da sunansa ko da rajistar sunan kasuwanci kawai, harajinsa na mutum ne, kuma hukumar KADIRS ta jiha yake biya, don haka lissafin harajin kamfanoni bai shafe shi ba. Ƙananan kamfanoni da doka ta yafe wa harajin riba su ma ragin ba zai amfane su ba, haka kamfanin da ya yi asara a shekarar. Waɗannan a roƙe su ta fuskar zumunci da neman lada, kamar yadda aka saba. Waɗanda za a kai wa lissafi su ne manyan kamfanoni masu cin riba waɗanda suke da wata alaƙa da ku: bankunan da suke da rassa a PZ da Sabon Gari, da kamfanonin waya masu turaku a unguwarku, da masu sayen masara da waken soya daga manomanmu, da masu sayar da taki da iri da siminti. Ku fara da manajan reshe don ya nuna muku hanya, amma ku sani cewa shawarar galibi a hedikwata ake yanke ta, a Legas ko Abuja, kuma yawancinsu suna da gidauniya ko sashen hulɗa da al'umma mai fom nasa. Wasiƙar gabatarwa daga hakimi ko daga masarautar Zazzau tana ƙara wa takarda daraja, sai dai ba ta maye gurbin ko ɗaya daga takardun da na ambata.

Lokaci ma yana da muhimmanci, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin kamfanoni suna rufe littafinsu a ƙarshen Disamba, su miƙa bayanan haraji cikin wata shida bayan haka, kasafin shekara mai zuwa kuma a watannin ƙarshen shekara ake tsara shi. Takardar da ta isa a Agusta ko Satumba tana da damar shiga kasafi, wadda ta isa a Maris kuwa sai ta jira.

Akwai tambayar da na san za ta taso a kowane taro a Zariya, ita ce ta kuɗin ruwa da ake ɗorawa a kan bashi. Gudummawa zalla babu bashi a cikinta, don haka babu wannan damuwa. Amma idan aikin babba ne, kamar rumfunan kasuwa ko injin sarrafa amfanin gona, har ana bukatar cike giɓi da kuɗin banki, ku kai takardar yarjejeniyar gaban malamai masana mu'amala kafin a sa hannu, ku kuma tuntuɓi bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ. Haka nan idan mai kamfani ya tambaya ko abin da ya bayar ya sauke masa zakka, wannan hukunci ne na malamai, kada kwamiti ya amsa da ka don kwaɗayin kuɗin.

Ku yi hattara da dillalai. Duk wanda ya ce ya san wani a Abuja da zai samo muku takardar rangwame idan kun ba da kuɗin fom, ku sallame shi cikin ladabi. Mafi hatsari shi ne wanda zai ce ku ba da rasit na miliyan 20 a ba ku miliyan 8. Wannan kaucewa haraji ne, laifi ne a doka, amintattun da suka sa hannu su za a kama, kuma kuɗin da aka ɓoye haƙƙin talakawa ne irin waɗanda kuke cewa kuna yi wa aiki.

Idan Allah ya sa an amince, a rubuta yarjejeniya mai faɗin yadda za a saki kuɗi kashi-kashi bisa ci gaban aiki, da wanda zai zaɓi ɗan kwangila, da abin da za a yi idan farashin siminti ko rodi ya tashi a tsakiyar aiki. Kowane biya ya bi ta banki, kowane saye ya zo da rasit, a ɗauki hoto a kowane mataki, a riƙa karanta wa jama'a lissafi bayan sallar Juma'a ko a liƙa shi a inda kowa zai gani. Kafin a buɗe famfo a tsai da kuɗin da za a riƙa karɓa a kan jarka, da wanda zai karɓa, da asusun gyara na daban, domin rijiyoyin burtsatse da suka mutu saboda rashin kuɗin canza injin ko batirin sola suna nan birjik daga Dakace har Basawa. Bayan wata shida da kuma bayan shekara guda ku aika wa kamfanin rahoto ko bai nema ba, da adadin gidajen da suke amfana da abin da yake cikin asusun gyara. Dukkan takardun nan, tun daga sa hannun taron farko har zuwa rasit na ƙarshe, a yi musu kwafi biyu, ɗaya a hannun sakatare ɗaya a hannun wani daga cikin amintattu, domin hukumar haraji tana iya dawowa bincike bayan shekaru, lokacin da wataƙila kwamitin da ya fara aikin ya riga ya sauka.